Babi na Shida: Majinyaci a Houston, Nas a Kano

"Tunda aikin a waya da kwamfuta ake yin sa, me zai hana in koma gida in ci gaba da yi daga can?" Wannan tambaya ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan jinya da ke zaune a ƙasashen waje, musamman tun bayan annobar korona ta 2020, lokacin da asibitoci da kamfanonin inshora suka gano cewa akwai ayyukan nas da dama da ba sa buƙatar a taɓa jikin mara lafiya. Sau da yawa mai yin tambayar mace ce da ta shekara goma tana aikin dare a Houston ko Manchester. Gwiwoyi sun fara ciwo, mahaifiya ta tsufa a Kano ko Zariya, yara kuma suna tasowa ba su iya durƙusawa su gaida manya da Hausa ba. Akwai kuma masu yin ta daga ɗaya ɓangaren, kamar matashin nas a Kaduna da ya ci jarrabawar Amurka, biza ta ƙi fitowa, kullum yana cin karo da tallan aikin jinya na intanet da ake biya da dala.

Dukkansu abu ɗaya suke hange: albashin can, zaman nan. Buri ne mai kyau, kuma akwai waɗanda suka cim masa ta hanyar da doka ta yarda. Sai dai tsakanin lasisin da ke cikin jaka da albashin da zai faɗo a asusu akwai ƙofofi da yawa, kowacce da mai gadinta, kuma izinin mai gadin wannan ba ya buɗe waccan.

Takardar makaranta daban, lasisi daban

Nan ne ruɗanin yake farawa. Takardar kammala makarantar koyon jinya shaida ce cewa mutum ya koyi aikin, kuma tana nan har abada. Lasisi kuwa izini ne da wata hukuma ke bayarwa don a yi aikin a cikin iyakar da take da iko, na wani ƙayyadadden lokaci, kuma tana iya ƙwace abinta. Mahaucin da ya ƙware a Katsina gwani ne duk inda ya je, amma idan ya sauka a Bauchi ba zai shiga mahauta ya hau yanka ba sai ya bi ta hannun sarkin fawan garin. Ƙwarewar tasa ce, izinin na masu gari ne.

A Najeriya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ce ke ba da wannan izini. Dokar soja ta 1979 ce ta kafa ta, kuma lasisinta yana aiki daga Sakkwato har Fatakwal, ana sabunta shi duk shekara uku bayan an halarci kwasa-kwasan ƙaro ilimi. Birtaniya ma majalisa ɗaya take da ita, wadda rajistarta ta game Ingila da Scotland da Wales da Ireland ta Arewa. Saudiyya, inda nas-nas da yawa daga Arewa ke aiki, ita ma hukuma ɗaya ce ke tantance ma'aikatan lafiyarta.

Amurka ce ta fita daban. Babu wani abu wai shi lasisin jinya na ƙasa baki ɗaya. Jarrabawar ɗaya ce, wato NCLEX, wadda ake zama gaban kwamfuta har na tsawon awa biyar ana amsa tambayoyi tsakanin 85 zuwa 150. Amma cin ta ba ya ba mutum izinin aiki a duk faɗin ƙasar. Kowace jiha tana da hukumarta, ita ke ba da lasisi, ita ke hukunta wanda ya yi laifi. Nas ɗin Texas baƙuwa ce a idon hukumar California.

Ina aikin yake faruwa?

Idan nas tana zaune a gari ɗaya, majinyaci yana wani garin, waya ce ta haɗa su, a ina za a ce an yi aikin jinyar? Hukumomin Amurka sun daɗe da yanke wannan magana: aikin yana faruwa ne inda majinyaci yake. Dalilin a fili yake. An ƙirƙiri lasisi don kare mara lafiya, kuma idan an ba shi gurguwar shawara ya cutu, hukumar jiharsa zai kai wa kuka. Saboda haka nas da ke Houston ta jihar Texas, idan ta ɗaga waya ta ce wa wani dattijo a Los Angeles ta jihar California ya ƙara ko ya rage magani bisa umarnin likita, sai tana da lasisin California.

Don rage wannan wahala, wasu jihohi suka ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu wadda ta fara aiki a 2000, aka sake mata fasali a 2018. Yanzu jihohi da yankuna fiye da 40 suna ciki. Nas da ke zaune a ɗaya daga cikinsu tana iya karɓar lasisi guda mai aiki a dukkan sauran, kamar yadda lasisin tuƙi na Jigawa ke aiki a Legas. Manyan jihohi biyu, California da New York, ba su shiga ba.

Wannan lasisi na jihohi da yawa shi ne jarin mai aikin jinya ta waya, domin kamfanin da ke da majinyata a jihohi talatin yana son ma'aikaciyar da za ta amsa kiran kowa. Amma yana da sharaɗi guda mai ƙarfi: dole ainihin mazaunin nas ya kasance a jihar da ke cikin yarjejeniyar, kuma ana tabbatar da hakan da lasisin tuƙi ko katin zaɓe ko takardar haraji. Ranar da ta tattara kayanta ta koma Kano da zama, wannan sharaɗi ya faɗi. Abin da zai rage mata shi ne lasisin jiha ɗaya. Wadda jiya take kula da majinyata a jihohi arba'in daga ɗakinta, yau Texas kawai take da iko a kai, sai dai in za ta bi sauran jihohin ɗaya bayan ɗaya tana neman lasisinsu tana biya.

Ƙaura ba ta kashe lasisi

Ga labari mai daɗi: zama a wata ƙasa, a kan kansa, ba ya soke lasisi. Abin da ke kashe shi sakaci ne. Texas tana sabunta nata duk shekara biyu, da sharaɗin awa 20 na ƙaro ilimi. California ma shekara biyu ce, amma awa 30 take nema. New York kuma duk shekara uku ake sabunta rajista. Yawancin kwasa-kwasan ana yin su ta intanet, kuɗin ma da kati ake biya, don haka mai zaune a Gwale ko Tudun Wada tana iya cika waɗannan sharuɗɗa ba tare da ta hau jirgi ba.

Tsarin Birtaniya ya fi zurfi. Tun 2016, duk shekara uku sai nas ta nuna cewa ta yi aikin jinya na aƙalla awa 450, ta yi awa 35 na ƙaro ilimi wanda 20 daga ciki tare da wasu aka yi, ta tattara ra'ayoyi biyar a kan aikinta, ta rubuta nazari biyar a kan abin da ta koya, sannan ta zauna ta tattauna su da wani mai rajista da majalisar. Ana lissafa awannin da aka yi a wata ƙasa, don haka aikin da ta yi a asibitin Kano zai iya shiga lissafi. Wuyar ita ce samun abokin tattaunawa mai rajistar Birtaniya, abin da ya kamata a shirya tun kafin a baro can.

Kuskure biyu ne suka fi yawa. Na farko, mutum ya tafi waje ya manta da lasisinsa na Najeriya har ya shekara goma a mace, sai ya dawo ya tarar da bashin sabuntawa da doguwar hanya. Na biyu ya fi haɗari: barin adireshin gidan ƙanwa ko aminiya a Amurka a matsayin mazauni, don lasisin jihohi da yawa ya ci gaba da aiki. Wannan ƙarya ce aka yi wa hukuma a rubuce, kuma hukumomin jihohi suna da rumbun bayanai guda mai suna Nursys inda suke ganin hukuncin da kowace ta yanke. Tabon da aka samu a jiha ɗaya, sauran duk za su gani.

Mai biya yana kallon kujera

A ce lasisi yana raye, majinyatan ma duk 'yan Texas ne. Saura me? Saura mai biyan kuɗi, kuma shi lissafinsa daban ne. Hukumar lasisi gadon majinyaci take kallo. Mai biya kuwa kujerar da nas take zaune a kai yake tambaya.

Medicare, shirin gwamnatin Amurka da aka kafa a 1965 don biyan kuɗin lafiyar masu shekara 65 zuwa sama, ba ya biyan aikin da aka yi a wajen ƙasar, in ban da wasu 'yan lokutan gaggawa. Hukumar da ke tafiyar da shi ta ɗauki matsayin cewa idan ma'aikacin lafiya yana wata ƙasa a lokacin da yake duba majinyaci ta na'ura, to aikin a waje aka yi shi, ko da majinyacin yana kwance a tsakiyar Amurka. Medicaid, shirin masu ƙaramin ƙarfi, shi ma wata doka ta 2010 ta hana shi tura kuɗi ga kamfanonin da ke wajen ƙasar. Tunda tsofaffi da marasa galihu su ne suka fi buƙatar nas mai bibiya ta waya, waɗannan dokoki biyu sun rufe babban ɓangare na kasuwar.

Sai kuma maganar sirri. Fayil ɗin majinyaci yana ɗauke da abin da mutum bai gaya wa matarsa ba. Dokar HIPAA ta 1996, wadda ke kare irin waɗannan bayanai, ba ta haramta fitar da su waje kai tsaye ba, amma ta ɗora alhakin duk wata ɓaraka a wuyan asibiti ko kamfani. Jihohi da dama kuma sun rubuta a kwangilolinsu cewa kada bayanan majinyatansu su ƙetare iyakar ƙasa, ko da kallo ne a allon kwamfuta.

Tsoron yana da tushe. A 2003 wani babban asibitin jami'a a San Francisco ya samu saƙon imel daga wata mata a Karachi ta Pakistan. Aikinta shi ne sauraron bayanan da likitoci suka naɗa da murya tana mayar da su rubutu. Asibitin bai ma san da zamanta ba. Ya ba wani kamfani a California kwangilar, kamfanin ya miƙa wa wata a Florida, ita ta miƙa wa wani a Texas, shi kuma ya tura Karachi. Da aka riƙe wa matar haƙƙinta, sai ta yi barazanar watsa bayanan majinyata a intanet, ta kuma haɗa da fayilolin gaske a cikin saƙon don a san ba wasa take ba. Ta janye bayan an biya ta wani abu, amma asibitoci sun ɗauki darasi: dokar Amurka ba ta da hannun da zai kai Karachi. Shi ya sa tallan aikin jinya daga gida kan zo da jimla guda a ƙasa, cewa dole mai nema ya kasance yana zaune a cikin ƙasar. A Birtaniya ma dokar kare bayanai ta sa sharuɗɗa masu tsauri a kan fitar da su waje, kuma asibitocin gwamnati ba kasafai suke barin ma'aikaci ya shiga rumbunsu daga wata ƙasa ba.

Ƙarfe biyun dare

Wasu kan ce ai akwai dabara: a sa manhajar VPN mai ɓoye inda mutum yake, kwamfuta ta nuna Houston alhali ana Kano. Kamfanoni sun san wannan dabara, kuma suna da hanyoyin gano ta. Wanda aka kama, kora ce mafi sauƙin abin da zai same shi, domin ana iya kai ƙararsa hukumar lasisi. Inshorar da ke kare ma'aikaci idan an yi kuskure ita ma tana da iyakar ƙasa a rubuce, kuma ba ta tsaya wa wanda ya ɓoye gaskiya.

Amma a ajiye maganar kamu, a dubi aikin kansa. A ɗauki nas da ke amsa kiran majinyata, tana zaune a ɗakinta a Kano da ƙarfe biyun dare, na'urar sauraro a kunne. A ɗaya ɓangaren wata tsohuwa ce da ke zaune ita kaɗai, tana cewa ƙirjinta ya yi nauyi, hannun hagu yana mata sanyi. Nas ta gane alamar nan take, ta fara tambayar ko ƙofar gida a buɗe take, ko akwai asfirin a kusa. Sai wuta ta ɗauke. Batirin sola ya karɓa, amma na'urar intanet tana buƙatar minti biyu kafin ta dawo. Lambar gaggawa ta 911 kuma ba ta shiga daga layin Najeriya. A ciwon zuciya, minti biyu ba ƙaramin lokaci ba ne. Kamfanin da ya san ma'aikaciyarsa tana waje yana tanadar layi na biyu da wanda zai karɓi kiran idan ya yanke. Kamfanin da aka ɓoye wa bai tanadi komai ba, kuma tsohuwar ce za ta biya.

Ko da komai yana tafiya daidai, agogo yana da nasa hukuncin. Aikin ƙarfe tara na safe zuwa biyar na yamma a Houston, a Kano ƙarfe huɗu na yamma ne zuwa sha biyun dare a lokacin hunturunsu, Magariba da Isha'i da abincin daren yara duk a ciki. Na California yana kaiwa ƙarfe biyun dare. Landan ce kawai ke tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa da agogon Najeriya, bambancin bai wuce awa ɗaya ba.

Ƙasar da aka sauka ma tana da magana

'Yar Najeriya da ta dawo gida ba ta buƙatar izinin zama. Wadda ta zaɓi wata ƙasa ta uku kuwa, kamar Portugal ko Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sai ta duba bizarta, domin bizar ziyara galibi ba ta halatta aiki. Wasu ƙasashe sun buɗe biza ta musamman ga masu aiki ta intanet: Barbados da Estonia a 2020, Portugal a 2022, Spain a 2023. Wannan biza izinin zama ce kawai, ba ta mayar da mutum nas a ƙasar.

Haka abin yake a gida. Lasisin Texas ba ya ba kowa ikon yi wa maƙwabciya allura a Fagge. Da zarar majinyaci yana Najeriya, lasisin Najeriya ake tambaya.

Haraji ma yana bin sawu. Ƙasashe da yawa, har da Najeriya, suna ɗaukar wanda ya kwana 183 a cikinsu a shekara a matsayin mai biyan harajinsu. Amurka kuma tana buƙatar 'yan ƙasarta da masu katin zama na dindindin su cike takardar haraji duk inda suke a duniya. Shi kansa katin zaman yana iya salwanta idan an shekara a waje ba tare da izinin komawa ba, kamar yadda izinin zama na dindindin a Birtaniya ke faɗuwa bayan shekara biyu a waje. Mutanen da suka sha wuya kafin su samu waɗannan takardu ya kamata su auna wannan da kyau.

Waɗanda suka samu hanya

Filifin ce ta nuna yadda ake yin abin a fili. Tun 2007 ake rubuta NCLEX a Manila, kuma a yau akwai nas-nas masu lasisin Amurka da ke cika ofisoshi a Manila da Cebu cikin dare, suna duba fayiloli don tantance ko jinyar da aka nema ta dace da ƙa'idar inshora. Kamfanoni ne suka ɗauke su da sanin kowa, kwangila ta fayyace bayanan da za su gani, ɗakunan aikin kuma ana tsare su sosai. Albashin ya fi na asibitin gida, amma bai kama ƙafar na Amurka ba, domin rahusar ce ta kawo aikin can tun farko. Duk wanda aka yi wa alkawarin cikakken albashin Houston yana zaune a Kaduna, kuma aka ce ya fara biyan kuɗin rajista, to ya riƙe aljihunsa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ayyukan da ke buƙatar ilimin nas ba tare da majinyaci ko fayil ɗinsa ba: koyar da masu shirin rubuta NCLEX ko jarrabawar Birtaniya, rubuta bayanan wayar da kai a kan lafiya, tsara darussa ga makarantun jinya, da wasu ayyukan kamfanonin magunguna masu bin diddigin illar magani. A nan lasisi mai rai shaidar ƙwarewa ne da ke ɗaga darajar mai shi.

Akwai kuma buƙatar da ke bakin ƙofa. A Fabrairun 2024 magatakardar majalisar jinya ta Najeriya ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya da Nijar da Ghana cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Mai hawan jini a ƙauyen da ke da nisan awa biyu daga asibiti, da mai ciwon suga da ba ta san yadda za ta daidaita magani da azumi ba, da mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, duk suna buƙatar irin bibiyar wayar da nas ta ƙware a kai a Houston, kuma da Hausa za a yi musu ita.

Wannan aiki kuwa da lasisin gida ake yin sa, wanda da yawa suka bari ya mutu a ƙasan akwati tun ranar da suka tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano. Babi na gaba zai bi nas da ta dawo, mataki mataki: yadda ake farfaɗo da rajista da majalisa, takardun da ya kamata ta karɓo daga asibitin da ta baro kafin ta ajiye aiki, da matsayin da shekarun da ta yi a waje za su ba ta idan ta koma ɗakin majinyata.